Juma'ar da Adamu Ke Raɗa Suna

Lahadi, da almuru

Mun iso sansanin matasa na ikilisiya. Hanyar hawan dutsen nan ta ƙara lalacewa. Natanael ne ya ɗauko mu a motarsa. Shi ne sabon shugaban sansanin, yaron da na sha goge wa majina a ajin Lahadi na coci, yanzu har da gemu da tarin makullai a ƙugu. Matasan garin Oradea sun riga mu zuwa. An tattara wayoyinsu a kwali, kowa sai kumbura fuska yake kamar an yi masa rasuwa.

Mijina Gavril ya yi darasin ranar farko ta halitta. Aka rufe tagogin zaure, aka kashe fitilu, ya bar su cikin duhu har 'yan matan suka fara ƙus-ƙus, sannan ya ƙyasta ashana ya ce haka Allah ya fara, da haske. Bai yi tuntuɓe a magana ba ko sau ɗaya. Da muka fito ya tambaye ni wa ya ɗauke jakarmu, alhali shi ya kai ta ɗaki da hannunsa.

Gajiyar hanya ce.

Litinin, da hantsi

Bari in rubuta abin da ke cina, tunda ba mai karantawa. Tun bikin Ista mijina bai kira sunana ba. "Ke" yake cewa, ko "baiwar Allah", wani lokacin kuma ya taɓa kafaɗata kawai. Na daɗe ina cewa tsufa ne, ai tsofaffi ba sa ɓata baki wajen kiran suna. Amma Juma'a na zuwa.

Mu a nan kowace rana ta mako ranar halitta ce, daga Lahadi har Asabar. Ranar Juma'a, rana ta shida, Gavril ne Adamu. Ana aro dabbobi daga wurin Todor makiyayi, matasa su riƙa jawo su ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya dubi kowace ya raɗa mata suna, a fita da ita. Daga nan ya kwanta a benci kamar mai barci, a kawo ni lulluɓe da farin mayafin tebur. Ya farka, ya yaye, ya ce, "Wannan kuwa Saveta ce." Sai zaure ya kaure da ihu da tafi. Tun gashina na baƙi muke yin haka. Iyayen waɗannan yaran ma sun yi mana tafi a zaure ɗaya.

Rukuni uku ne bana. Juma'a uku ke nan.

Talata, da azahar

Na shiga madafi na taya Floare, mai dafa abincin sansani, yankan kabeji. Tare muka taso da ita, bakinta kuma bai san tsufa ba. Ta dube ni ta ce na rame kamar kazar da ta gama kwanci. Na ce ita dai ta ji da miyarta da ta yi tsami har ta wuce misali. Can ta ajiye wuƙa ta ce, "Tsohon naki lafiya kuwa? Jiya sau biyu ya yi mini godiyar abinci, kafin ya ci." Na ce ladabi ne ya yi masa yawa, ba kamar wasu ba.

Na roƙe ta in za ta kira ni a wurin cin abinci ta ɗaga murya sosai. Ba ta tambaye ni dalili ba. Da rana ta ƙwala mini kira har karen Todor ya amsa daga ƙasan kwari. Gavril na zaune kusa da ni, yana shafa cuku a tuwon masara, ko ɗaga kai bai yi ba.

Laraba, da yamma

Rana da wata da taurari. Darasin ya yi kyau, amma ni sunana nake jira. Bai faɗa ba.

Alhamis, da la'asar

Mun hau dutsen dodon koɗi da yaran. Gavril ya sa kowa ya durƙusa ya shafa koɗin da suka daskare cikin dutse, ya tambaye su me ya kawo halittun teku kan tsauni, inda ko rafi sai an gangara. Wani mai dogon wuya ya ce malaminsu ya ce miliyoyin shekaru ne. Gavril ya yi murmushi ya ce ruwa dai ne ya kawo su, a kan wannan shi da malamin ba su da faɗa, saura su tambayi Nuhu wane irin ruwa. Suka yi dariya. A irin wannan lokacin sai in ce ni ce ke ƙirƙirar damuwa. Mutumin da tsohuwar gwamnati ta kore shi daga koyarwa, ta tura shi gidan yankan katako saboda ya ƙi gaya wa yara cewa kakansu biri ne, yana tsaye a kan dutse yana magana tiryan-tiryan.

Da za mu sauko ya kama hanyar da ba ita ba. Na ce masa ƙafata ke ciwo, mu bi ta gefen itatuwa. Ya biyo ni.

Juma'a, da yamma

Kafin a shigo da dabbobi ya yi musu jawabin da ya saba. Wai mutum bai fara da gurnani a kogo ba, bai koyi magana kaɗan-kaɗan kamar jariri ba. Ranar da aka halicce shi da cikakken hankali ya tashi, har ya raɗa wa kowace dabba suna bai manta ko ɗaya ba. Na ji wannan jawabi ya fi a ƙirga, yau ne ya fara yi mini ciwo.

Jaki ya wuce lafiya, zakara ma haka. Da aka kawo akuya sai ya tsaya. Ya shafa gemunta, ya buɗe baki, ya rufe. Yaran suka ɗauka wasa ne, suka fara dariya, wani ya yi kukan akuya daga baya. Sai ya ce, "Ga shi ta faɗi sunanta da kanta." Aka yi ta tafi. Wayonsa dai yana nan.

Aka kawo ni. Ya yaye mayafin, ya dube ni, ya ce wannan tasa ce, daga jikinsa aka ɗauko ta. Ya tsaya nan. Ban bari shirun ya yi tsawo ba, na kama hannunsa na ɗaga sama, Floare ta fara tafi da murfin tukunya, yaran suka bi. Baƙi ne, ba su san akwai abin da ya rage ba. Natanael ya sani. Na ga yadda ya dubi ƙasa.

Asabar, da safe

Matasan sun tafi. Na wanke zannuwan gado har hannuna ya yi fari. Na fi son aiki.

Lahadi, da yamma

'Yan garin Arad sun zo. Ashana ta kama a ƙyastawar farko.

'Yarmu Lidia ta kira daga Sifen. Ba gaisuwar kirki, sai "Mama, kin gaya wa shugabannin sansani abin da likitar birnin Cluj ta ce game da Baba?" Na ce likita ta ce ya riƙa shan iska mai kyau, ga shi kuwa muna kan dutse. Ta ce in daina mayar da ita yarinya. Ta faɗi kalmar nan, sunan cutar, sau biyu ma, kamar ni kurma ce. Ba zan rubuta ta ba. Mai 'ya'ya uku a wata ƙasa, da waya a hannu, komai sauƙi ne a wurinta. Na ba shi wayar su gaisa. Ya ce, "Lidia, 'yata," tun kafin ta yi magana.

Na yi murna. Na kuma ji kishi, kishin 'yar da na haifa. Allah ya gafarta mini.

Litinin, da azahar

Bai faɗa ba.

Talata, da la'asar

Darasin yau itatuwa da ganyaye ne, amma tambayoyi suka ja shi zuwa wani wuri. Akwai wata yarinya, Estera, 'yar siririya mai gilashi, irin waɗanda ba sa barin magana ta wuce. Gavril ya ce musu duk abin da Allah ya yi da farko mai kyau ne ƙwarai, babu ciwo, babu mutuwa, babu ƙaya a jikin fure, sai bayan faɗuwar mutum waɗannan suka shigo. Ta ɗaga hannu ta ce, "Kawu Gavril, to mantuwa fa? Kakata ba ta gane mu yanzu. Ita ma bayan faɗuwa ta shigo?"

Na ji kamar a ce in tashi in toshe mata baki. Shi kuwa ya ce mata e, bayan faɗuwa ne. Ya ce amma Wanda ya raɗa wa taurari suna ba ya mantuwa, sunan kakarta yana wurinsa a ajiye, da nata duka. Yarinyar ta cire gilashi ta goge ido. Amsa mai kyau ce. Ni ma na yarda da ita, na koyar da ita. Sai dai ni ba Allah nake so ya kira sunana ranar Juma'a ba.

Laraba, da hantsi

Abin da ya faru a bakin rafi da safen nan ba zan rubuta ba. Gavril ne ya ɓace, an same shi, shi ke nan. Takalmansa na bayan murhun Floare suna bushewa. Yaran da suka gani an ce musu addu'a ya je yi.

Laraba, da yamma

Natanael ya kira ni ofis, ya ba ni kujera, ya haɗa mini shayi da kansa. Da ganin shayin na san akwai magana. Ya fara da "Gwaggo Saveta, kin san yadda muke girmama ku," na ce ya bar shimfiɗa ya faɗi abin da ya kira ni a kai. Ya ce gobe shi zai kai yaran dutsen koɗi. Ya ce Juma'a kuma, in ban damu ba, shi da matarsa za su iya hutar da mu.

Na ce masa tun yana cikin zanin goyo mijina ke tsayawa a zauren nan. Na ce gemu ba shi ke sa mutum ya zama Adamu ba. Na faɗi wasu maganganun da ba su dace da macen da ke koyar da Littafi ba. Bai mayar mini ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Can ya jawo aljihun tebur ya ɗauko katin wuya, irin wanda kowane yaro da ma'aikaci ke ratayawa da sunansa a jiki. Ni da Gavril ba mu taɓa rataya shi ba, wa bai san mu ba? Ya ce in sa ranar Juma'a a ƙarƙashin mayafi, shi kuma zai tsaya kusa da benci yana raɗa masa sunayen dabbobi a kunne. In na yarda, to mu ci gaba.

Ya riga ya rubuta sunan da manyan baƙaƙe. Na karɓa.

Alhamis, da azahar

Sun hau dutse ba mu. Gavril ya zauna a bakin ƙofa da sandarsa da hularsa yana jira a kira shi. Na ce masa an ɗaga tafiyar. Ya ce to, ya ci gaba da jira.

Juma'a, da almuru

Komai ya tafi daidai. Natanael na raɗawa, shi yana maimaitawa, jaki, zomo, akuya, dinya, babu wanda ya lura. Aka kawo ni. Ya yaye mayafin. Bai dubi fuskata ba sosai, idonsa ya sauka a kan katin, ya ɗan matso, ya karanta a hankali yadda yake karanta sunan magani a jikin kwalba. "Sa-ve-ta." Zaure ya ɗauki tafi. Natanael ya yi mini murmushi, wai mun ci nasara.

Wata da watanni ina jiran in ji wannan sunan daga bakinsa. Na ji shi. Da ma ban ji ba.

Na tafi bayan madafi na zauna a kan buhun dankali. Floare ta fito, ta dube ni, ta koma ciki, ta dawo da kofin madara mai ɗumi ta ajiye kusa da ƙafata. Ba ta yi mini tsiya ba, abin da ya tabbatar mini lamarin ya kai inda ya kai.

Asabar, da yamma

Estera ta zo sallama, ta rungume Gavril, ta ce za ta gaya wa kakarta abin da ya ce. Ya shafa kanta ya ce Allah ya kiyaye hanya. Bayan motar ta tashi ya tambaye ni 'yar wa ce.

Lahadi, da almuru

Rukunin ƙarshe, 'yan garin Zalau. Aka kashe fitilu, duhu ya yi tsawo, ya ƙara tsawo. Na ji Gavril yana lalubar aljihu. Natanael ne ya ƙyasta ashanar daga gefe.

Litinin, da safe

Ruwa ake yi. Ban iya addu'a ba, na dai durƙusa.

Talata, da la'asar

Dattawan ikilisiya biyu sun hawo daga gari, wai sun zo duba rufin zaure. Rufin lafiyarsa ƙalau. Suka ci abinci da mu, suka yi ta yabon Gavril a gabansa kamar masu jawabi a makabarta. Ɗayansu ya ja ni gefe ya ce, 'yar'uwa, aiki na Ubangiji ne, ma'aikaci kuma yana da lokacin hutu. Na ce na gode da wa'azi. Ya ce bana ce ta ƙarshe, kuma sun so a tsaya tun yanzu, Natanael ne ya roƙa a bar mana wannan Juma'ar. Ban san yaron ya yi haka ba. Ban kuma ji zan iya gode masa ba tukuna.

Sharaɗin dai yana nan. Kati a wuya, shi kuma a gefen benci.

Laraba, da azahar

Ni na koyar yau, shi yana zaune a kujerar gaba yana gyaɗa kai. Na ce musu Allah ya sa rana da wata don a san lokatai, don kada kwanaki su cakuɗe wa mutum. Bakina na faɗa, zuciyata na wani wuri. Ban daina gaskatawa ba. Na san Wanda ya yi duniya cikin kwana shida, na san ba haka ya yi ta ba, da ƙaya da rafi da likitoci. Amma sanin inda abu ya lalace bai gyara mini shi ba. Yau fushi nake yi, ban kuma san da wa ba.

Bai faɗa ba. Me ya sa ma nake rubuta wannan?

Alhamis, da yamma

Na ɗauko katin na dube shi. Na tambayi Floare, in ita ce za ta sa? Ta ce ita nata mijin har ya mutu "ke dafa mana" yake kiranta, ba ta ga abin da ta rasa ba. Na ce da gaske nake. Ta goge hannu a zaninta ta ce, "In kin sa, za ki ji abin da kika riga kika ji. In ba ki sa ba, ƙila ki ji abin da ba za ki iya ɗauka ba. Zaɓi wanda za ki iya kwana da shi."

Na ce ta ja wa yaran kunne, gobe in an kawo ni kada wanda ya yi masa tuni. Ta ce duk wanda ya buɗe baki ba shi ba kayan zaƙi har ya koma gidan ubansa.

Juma'a, da almuru

Na bar katin a kan ƙusar bayan ƙofa.

Gavril bai yi jawabin ba, Natanael ne ya yi a madadinsa. Da aka fara jawo dabbobi, raɗar ma ba ta yi amfani ba. Yana jin ta sai ya juya ya dubi Natanael, kamar mai tambayar me ake so da shi. Jaki ya tsaya a gabansa, ya shafa kunnensa kawai. Yaran suka ɗauka haka wasan yake, suka riƙa faɗin sunayen da kansu baki ɗaya, shi yana gyaɗa kai, Todor yana fita da su. Ina leƙe ta ƙofa.

Ya kwanta a benci. Floare ta lulluɓe ni, ta riƙe gwiwar hannuna har tsakiyar zaure. Natanael ya tashe shi. Ya zo ya yaye mayafin, ya dubi ƙirjina inda babu komai, sannan ya ɗago ya dubi fuskata. Ya daɗe yana kallo. Ba wanda ya yi tari. Na ga yana nema, na ga leɓensa yana motsi.

Ya ce, "Wannan ban san sunanta ba."

A hankali ya faɗa, amma kowa ya ji. Natanael ya matso da sauri ya kama hannuna zai fitar da ni ta ƙofar da aka fitar da dabbobi, don a rufe taro da waƙa. Na bi shi, ba ni da ƙarfin yin wani abu. Sai na ji an riƙe hannun rigata ta baya, riƙo mai ƙarfi, irin na mai aikin katako.

Ya ce wa Natanael, "Ku tafi da sauran. Wannan ku bar mini ita."

Ba a yi tafi ba. Ban san yadda aka watse ba.

Asabar, da azahar

Ranar hutu. Mun sauko. Floare ta cusa mana tulun miya da burodi a bayan mota, ta ce in na yi kuka za ta fasa ba ni. Natanael ne ya tuƙa mu. Gavril bai saki hannun rigata ba tun daga ƙofar sansani, ko da motar ke faɗawa ramuka.

Da muka wuce gada na gaya masa sunana. Ya maimaita shi a hankali, ya ce suna ne mai daɗi. Ya tambaye ni wa ya raɗa mini.